Hakimin Jamus da Ɗorawar Gwaggo

Ni ban taɓa taka ƙasar Jamus ba, Kaduna ma sau ɗaya aka kai ni, amma na yi zaman aure da wani hakimin Jamus da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakan kakana. Shi ya sa aka haƙa rami a ƙofar gidana, shi ya sa na yi kiwon jakin da ba nawa ba, kuma shi ya shiga tsakanin mijina da yayana. Ban ce Allah ya isa ba, tunda bawan Allah bai san da ni ba, amma har yau in na tuna shi sai na ja tsaki.

Maigidana, Malam, ɗan gwaggona ne, ƙanwar babanmu. Auren zumunci aka yi mana kuma ban yi da-na-sani ba, don mutum ne mai sanyi, wanda ko akuya zai kora sai ya ba ta haƙuri. Yayana kuwa, wanda nake bi, sa'ansa ne, tare aka yi masu kaciya. Yaya ɗan namiji, Malam ɗan mace, taubasai ke nan, don haka tun suna yara Yaya ba ya kiran shi da komai sai "bawana". Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Daudawa ya san dokar wannan wasa. Taubashinka ya zage ka, ya cire maka hula a tsakiyar kasuwa, ya cinye maka tuwo, ba ka da ikon yin fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, shi za a yi wa dariya. Ga Yaya Allah ya ba shi baki, in ya fara da Malam har tsofaffi sai sun riƙe ciki. Malam ba ya iya ramawa sosai, amma yana jin daɗin abin. In kwana biyu suka wuce Yaya bai zo ya tsokane shi ba, sai ya ce mani in leƙa ko lafiya.

Gonar kakanmu ce aka raba. Kashin babanmu ya dawo hannun Yaya, kashin Gwaggo ya dawo hannun Malam bayan ta rasu, layin gamba ne iyaka a tsakani. A ɓangaren Gwaggo, dab da gambar, akwai wata babbar ɗorawa. Mijin Gwaggo ya mutu Malam yana ƙarami, da kalwar bishiyar nan ta yi ta daddawa tana kaiwa kasuwar Yankara har ta raine shi. Wannan kowa ya sani, har Yaya.

Sai kuɗin mai suka ɓarke a ƙasa. Wannan ya sayi rediyo, wancan ya sayi babur, masu jinka suka fara kallon kwano. Yaya ya sayi shanun noma da garma. To garma tana son wurin juyawa, kuma shanu ba su san gadon kowa ba. Bana a ci kunya ɗaya, baɗi a ci biyu, gambar tana matsawa kamar mai ƙafa, har aka wayi gari ɗorawa tana cikin gonar Yaya.

Malam bai samu sukunin bin maganar ba, don a lokacin ya samu aiki. Wani kamfanin hanya ya kafa sansani kusa da Yankara, shi kuma da yake ya taɓa yin aikin kuku a Funtuwa yana saurayi, sai aka ɗauke shi yana dafa wa wani injiniya Bajamushe abinci. Bajamushen dogo ne, in rana ta buge shi sai ya yi jawur kamar tattasai, kuma kullum dankali yake ci. Yana kwana a wani ɗakin ƙarfe mai taya. A bangon ɗakin ya manna hotuna biyu: wani kango na dutse a kan tsauni, da wani mutum-mutumi na dutse a kwance, da takobi a ƙirji da kare a ƙafa. Kaɗaici ya ishe shi, don haka in ya ci ya ƙoshi sai ya zaunar da kukunsa, da guntuwar Hausarsa da guntun Turancin Malam, ya yi ta ba shi labarin mutumin hoton. Malam kuma in ya zo hutu sai ya juye mani bayan la'asar ina tankaɗe.

Wai kakan kakanninsa ne, tun zamanin sulke da takobi. Ba sarki ba ne, akwai babban sarki a samansa, shi ya sa Malam ya ce hakimi ne. A gidan dutsen nan aka haife shi. Ubansa ya mutu yana yaro, baffanninsa suka riƙe mashi ƙasa, da ya girma sai da faɗa ya karɓa. Ya auri ɗiyar maƙwabcinsa don ta zo mashi da kogi da wurin niƙan hatsi wanda ruwa ke juyawa, sannan ya hana kowa niƙa sai a nan. Ya gina gada, ya haƙa rami ya zagaye gidansa, yana yanke shari'a a gindin wata bishiya, manomansa ba su ƙaura sai da izininsa. Ya bi babban sarki yaƙi wata ƙasa mai nisa ya dawo da ido ɗaya. Ni duk wannan bai burge ni ba. Na ce irinsu ai muna da su a nan, har da masu ido biyu.

Amma akwai wurin da ya kama Malam. Hakimin nan ya yi rigima ta shekaru da ɗan kawunsa a kan wani daji da aladu ke cin 'ya'yan itace a ciki.

"Aladu, Malam?" na ce. "Manya biyu da gemu, a kan abincin aladu?"

"Ke ba aladun ba ne. Dajin uwarsa ne."

"Ɗan kawunsa kuma ai taubashinsa ke nan."

"To shi ne nake gaya maki! A can babu wannan. A can mutum yana iya yin fushi da ɗan kawunsa, har tsari gare su." Ya gyara zama ya fara lissafa mani. Ba a kai wa mutum hari a ɓoye, sai an sanar da shi tukuna a gaban jama'a, an jefa mashi safar hannu. Akwai ranakun ibada da ba a faɗa. Ba a taɓa mata, ba a taɓa mai noma. Dabbobin abokin gaba ake kamawa a riƙe har ya ba ka haƙƙinka. "Ki duba fa," ya ce, "mutane har da hanyar yin fushi da ɗan'uwa." Yadda ya faɗe ta, da kwaɗayi a muryarsa, ya kamata in gane akwai magana, amma hankalina yana kan rariya.

Bazara ta zo, ɗorawa ta nuna. Malam ya zo hutu ya tarar iyalin Yaya sun shiga da gora mai ƙugiya sun sauke ta tas, buhunan suna jingine a zauren Yaya. Ya je ya same shi a ƙofar gida cikin mutane, ya ce a hankali, "Ɗorawar nan fa ta Inna ce."

Yaya ya tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ji, bawa na neman gona! Kai da ɗorawar duka ba nawa ba ne?"

Aka fashe da dariya. Malam ya ɗaga murya, aka ƙara fashewa, wai yau ya iya wasan. Ya tafi wurin mai gari, mai gari ya ce, "Haba Malam, wa zai shiga tsakanin taubasai ya ji kunya?" Shi ma yana dariya. Ni da kaina na je na sami Yaya, na ce mutumin nan fa ransa ya ɓaci. Ya ce, "Au, ke ma ya sa ki a ciki? Bar ni da bawana, mun fi kusa." Wallahi na san Yaya, ba mugu ba ne. Ya yarda wasa ne, kuma yardar ta yi mashi daɗi tunda ga kalwa a zaure.

Hutun da ya biyo baya sai ga Malam da leburori biyu da diga. Wai za a zagaye gida da rami irin na hakimi. To gidanmu katanga ɗaya muke da maƙwabta hagu da dama, don haka ramin bai samu inda zai zagaya ba, a gaba kawai ya tsaya, baya kuma ga kafar da awaki ke bi, ko jariri ya shiga. Aka cire ƙyauren tsohon ɗaki aka gicciya a kai, wai gada ce, da magariba a janye. Ni ce mai bin ta da tulu a ka. Na ce, "Malam, ranar da na faɗa cikin ramin nan, daga ciki zan wuce gidanmu." Ya ce gidanmu ai ƙasar abokan gaba ce yanzu.

Sai tuta. Hakimi yana da tuta mai hoton wata baƙar dabbar ƙasarsu, Malam bai taɓa ganin irinta ba, sai ya zaɓi bushiya, wai ita ba ta cutar kowa sai an taɓa ta. Har Ƙanƙara ya kai wa tela. Abin da telan ya ɗinko, duk wanda ya gani sai ya tambaya ko soso muka fara sayarwa.

Ranar sanarwa ya ɗauki sanƙiran gari, ya sa fararen kayansa na kuku, don su ne suka fi kama da kayan sarki a akwatinsa, ya ɗauko wata ƙatuwar safar hannu da yake sauke tukunya mai zafi da ita a sansani. Suka tsaya a ƙofar gidan Yaya. Sanƙira ya ɗaga murya ya ce Malam na gaida jama'a, yana kuma sanar da su cewa daga jibi akwai gaba tsakaninsa da ɗan kawunsa a kan ɗorawa, mata da masu noma kada su ji tsoro. Sanƙiran da kansa sau biyu yana tsayawa don dariya. Malam ya jefa safar a gaban Yaya. Yaya ya ɗauka, ya zura hannu, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ta yi mani. Ina ɗayar?"

Kai, garin nan ya yi murna! Tsofaffi suka ce tun da suke ba su ga taubasai da suka ƙawata wasa haka ba. Wasu daga ƙauyen gaba suka zo kallon rami. Kashegari sai ga Yaya a kan jaki, ya juya baya yana fuskantar wutsiya, ƙwarya a ka, muciya a hannu. Ya sauka, ya taka gada, ya shigo tsakar gida ya zauna, ya ce in kawo tuwo an zo yaƙi. Na kawo, ya zan yi, yayana ne. Ya cinye ya nemi ƙarin miya. Malam yana cikin ɗaki ya ƙi fitowa, wai wa'adin sanarwa bai cika ba, in ya fito ya karya doka.

Dokar ranaku ita ta ƙarasa kashe yaƙin. Juma'a babu faɗa, yammacin Alhamis ma babu saboda daren Juma'a. Ranar kasuwar Yankara babu, ta Ƙanƙara babu, don hakimi ba ya taɓa fatake. Sauran ranakun kuma Malam yana sansani yana feraye dankali. Abin da ya rage wa yaƙi bai wuce hantsi ɗaya a mako ba, shi ma in an yi suna ko rasuwa sai a ɗaga.

A irin wannan hantsin ne ya kai harinsa na farko kuma na ƙarshe. Ya je ya kwance jakin Yaya daga turke, da rana tsaka, bayan ya yi sallama, ya jawo shi ya haye gada da shi da ƙyar. Yaya ya ce alhamdu lillahi, dama harawarsa ta ƙare. Ya aiko a gaya mani jakin ba ya cin dusa sai an sa kanwa. Malam ya koma aiki, ni aka bari da fursunan yaƙi, ina yankar ciyawa, ina kwashe kashi. Da ruwa ya sauka ramin ya cika, kwaɗi suka tare, sauro ya zo da danginsa. Akuyata ta faɗa ciki, mai tallan nono ta faɗa, ƙwaryarta ta tafi tana yawo a kan ruwa.

Ranar nan na cika. Ya dawo ko ruwa ban ba shi ba, na ce, "Malam, wai kai ma dariyar kake nema? Ka mai da mu abin kallo, ka mai da ni mai kiwon jaki. In wasa ne ya isa haka, in hauka ne a gaya mani in nemo magani."

Ya zauna a bakin turmi. Ya ce, "In na yi magana a hankali, wasa. In na ɗaga murya, wasa. Na yi yaƙi, wasa. To ke gaya mani ta ina zan bi mutumin nan ya ji ni?"

Fushina ya tafi, tausayinsa ya kama ni. Na kawo mashi ruwa.

Ashe ya koma ya tambayi Bajamushen, in ɗan'uwa ya ƙi jin duk wannan fa? Shi kuma bawan Allah, bai san da wani Yaya ko wata ɗorawa ba, yana zaton kukunsa mai son tarihi ne, sai ya gaya mashi wata al'ada tasu da ta fi hakimin ma tsufa. Wanda yake son fita daga danginsa sai ya tsaya a tsakiyar taro, ya karya sanduna a kan kansa, ya watsa su gabas da yamma, kudu da arewa, ya ce daga yau ba gado, ba rantsuwa, ba jini tsakaninsa da su. Da Malam ya gaya mani sai da na dafa ƙirji. Na ce, "Wannan yanke zumunci ne, Malam, ka ji tsoron Allah. Ni kuma ina za ka sa ni?" Ya ce shi ba yankewa yake so ba, so yake a yi shiru a saurare shi ko sau ɗaya.

Aka haihu a gidan Yaya. Ranar suna da safe maza sun cika ƙofar gida a kan tabarmi, an yi addu'a ana raba goro. Mu mata muna ciki, ni ina bakin zaure ina leƙe don na san abin da Malam ya ƙulla. Sai ga Malam, ba kayan kuku, ba tuta, da tsohuwar rigarsa ta gona da karan dawa a hannu. Ya shiga tsakiya ya tsaya. Tun kafin ya yi komai an fara murmushi, ana gyara zama. Ya ɗaga karan ya karya a kansa, ƙas, ƙas, ya watsa ko'ina. Aka kwashe da dariya. Yaya har ya miƙe yana naɗe hannun riga zai ba da amsa.

Malam ya ce, "Da kalwar ɗorawar nan uwata ta ciyar da ni. Kai ma ka ci, a hannunta, kana zaune a cinyarta. Tana ciwon ajali ta ce mani in riƙe bishiyar nan. Na roƙe ka a gida ka yi dariya, na roƙe ka a waje ka yi dariya." Nan muryarsa ta karye. Hawaye suka zubo, ba ɗigo ba, sosai, har cikin gemu, kuma bai share ba. Namiji mai iyali, a wurin suna.

Wurin ya yi tsit. Guntun kara ɗaya ya faɗa cikin farantin goro, ba wanda ya cire. Yaya yana tsaye, bakinsa bai gama rufe dariyar ba. Ya ce, "Ashe da gaske kake?"

"Da gaske nake."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da ka sayi garma."

Yaya ya koma ya zauna a hankali kamar tsoho. Liman ya tashi ya yi faɗa, ya ce zumuncin da Allah ya ƙulla karan dawa bai isa ya tsinka ba, ya sa suka yi musabaha, aka shafa fatiha. Kowa ya ce an gama, aka ci gaba da rabon goro.

Washegari tun da sassafe Yaya ya fita gona shi kaɗai, ya tono gamba ya dasa a tsohuwar iyaka da hannunsa, har ya ƙara wa Malam kunya biyu daga tasa. Ya aiko da kalwar da ta rage, wadda aka riga aka sarrafa kuma ya sayo wata ya cika. Da hantsi ya zo ɗaukar jakinsa. Ya tsaya a bayan gada ya yi sallama, ya jira sai da aka ce ya shigo. Ya cire takalmi. Ya ce, "Malam, ina kwana? An tashi lafiya? Ya iyali?"

Iyalin fa ni ce, ƙanwarsa, ina tsaye da tsintsiya.

Malam ya amsa da ƙirji a buɗe. Ranar ya ci tuwo malmala uku. Ya sa aka cike rami, na samu ƙyaurena, tutar bushiya na mai da ita tsumman goge fitila. Ya ci yaƙi, kuma na yi mashi murna, don haƙƙinsa ne.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Yaya yana zuwa, bai yanke ƙafa ba, amma kullum da sallama, kullum "Malam", ya zauna a gefen tabarma su yi maganar damina da tsadar taki ya tashi. Malam ya fara tsarguwa. Ya ce mani ko fushi yake? Na je na tambaya. Yaya ya ce, "Fushin me? Kunya ce. Shekara nawa ina taka mutum ina zaton rawa muke. Yanzu in na buɗe baki zan tsokane shi sai in ga fuskar nan tasa ta ranar suna. Ban san wacce magana ta yi mashi zafi ba, wacce ba ta yi ba, a cikin duk abin da na faɗa tun muna yara." Na ce ɗorawar ce kaɗai, sauran duk yana so. Ya ce, "Haka na zata game da ɗorawar ma."

Daga nan Malam ya shiga neman tsokana kamar mai neman bashinsa. Ya sa hula a karkace ya wuce ta gabansa. Ya aske gemu rabi ya je gaishe shi. Ba komai. Da ya sayi babur, ranar kasuwar Yankara ya rikice da birki ya afka cikin kwandunan tumatir, wannan kam ba da gangan ba. Kasuwa duka ta ɗauka da dariya. Yaya yana wurin, ya rugo ya ɗaga shi, ya kakkaɓe mashi riga, ya ce, "Sannu Malam, ba ka ji ciwo ba?" Malam ya dawo gida jawur har kunne, ya zauna, ya ce mani, "Cikin tumatir fa na faɗa. Bai ce komai ba." Na shiga ɗaki don kada ya ga ina dariya, ina shiga kuma sai kuka ya zo.

Da aikin hanya ya ƙare Bajamushe zai koma ƙasarsu, Malam ya tambaye shi abin da bai taɓa tambaya ba: yaya hakimin ya ƙare? Ashe ya ci dajin. Ɗan kawun bai sake zama da shi a kan abinci ba har ya mutu. Da tsufa ya zo ya raba ƙasarsa ga 'ya'yansa, suka yi ta faɗa da juna har suka sayar da rabi. Shi kuma ya ajiye takobi ya shiga gidan masu ibadarsu, ya ba su dajin nan kyauta, da aladun da komai, don su riƙa yi wa ɗan kawunsa addu'a. Malam ya dawo ransa a ɓace, ya ce, "Mutumin nan da ya fara mani labarin daga nan." Na ce, "Kai da ka tambaya daga nan."

Haka suka zauna, shekara da shekaru, ba faɗa, ba gaba. Duk gari ana misali da yadda suke girmama juna. Ni kaɗai na san abin da girmamawar nan take yi wa mijina.

Da Yaya ya kwanta ciwo, ɗansa ya ɗauke shi ya kai shi gidansa a Sabuwa. Aka aiko mana jiki ya yi tsanani. Muka shiga mota, hanya duk gargada, ni ina ta addu'a, shi kuma na ga bakinsa yana motsi na zata tasbihi yake. Da na kasa kunne sai na ji zagi yake haɗawa, yana gwada wannan yana ajiye wancan, kamar mai zaɓen goro. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Tunda shi ya kasa, ni zan fara."

Muka tarar da Yaya a kwance, ya rame ƙwarai, idanu sun faɗa. Na gaishe shi na koma gefe. Malam ya tsaya a kansa, ya ɗaga murya yadda Yaya ke yi a da, ya ce, "Kai mummuna! Dama can ba kyau ba, yanzu kuma ka koma kamar tsohon zakara da aka fige. Tashi ka ba mutane wuri, raggo kawai!"

Ya tsaya yana jira, fuskarsa duk ta buɗe.

Yaya ya dube shi. Ya yi ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi ya kasa. Ya ce, "Gaskiya ne, Malam, jikin ne ya ƙi. Ka yi haƙuri ban tashi na gaishe ka ba." Ya juya ga ɗansa ya ce a shimfiɗa wa Malam tabarma mai kyau.

Aka shimfiɗa. Malam ya zauna a kai, hannuwansa a kan gwiwa, suka yi maganar hanya da yadda gero ya yi bana, har aka kira azahar.